Ƙuri'ar da aka kaɗa ba da son rai ba: Carter da Kennedy a zaɓen fidda gwani na 1980

Ranar 11 ga watan Agusta na shekara ta 1980, wakilai fiye da dubu uku na jam'iyyar Dimokurat ta Amurka suka hallara a birnin New York, cikin babban zauren Madison Square Garden. Ba da zaɓen ɗan takara suka fara ba. Abin da suka fara kaɗa wa ƙuri'a shi ne wata ƴar ayar doka ta cikin gida, wadda ta ce duk wakilin da aka aiko da sunan wani ɗan takara tilas ya ba shi ƙuri'arsa a zagayen farko, in kuwa aka ga take-taken zai sauya, ɗan takarar na da ikon cire shi ya sa wani a gurbinsa. Wakilai 1,936 suka tsaya bayan dokar, 1,390 suka nemi a soke ta. Da wannan lissafi shugaban ƙasa Jimmy Carter ya tabbata ɗan takarar jam'iyyarsa, sanata Edward Kennedy kuma ya janye a wannan dare. Wata uku ba su cika ba Carter ya sha kayen da ya bar shi da jihohi shida rak cikin hamsin.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan tarihi shi ne halin mutumin da ke tsakiya, wato ɗan jam'iyyar da gwaninsa ya faɗi, ko kuwa wanda tun farko bai ga gwani ba cikin mutanen biyu da aka jera masa. Cikin shekara guda an zo masa da maganar biyayya har sau uku, kowane karo da wata hujja daban, kuma kowane karo magabatan jam'iyya sun samu adadin da suke nema ba tare da sun samu zuciyarsa ba.

Kafin mu shiga, ya kamata mai karatu ya san inda tsarin nasu ya bambanta da wanda ya sani. A tsarin zagaye biyu, irin na Faransa, wanda Nijar ta yi aiki da shi daga zaɓen 1993 zuwa na 2021, mutum kan zaɓi wanda ransa ke so a zagayen farko, jam'iyyarsa ta auna ƙarfinta, sa'annan a zauna a ƙulla ƙawance kowa ya san abin da ya kawo da abin da zai samu. Amurka babu wannan. Zagaye ɗaya ne, manyan jam'iyyu biyu ne, kuma a kusan kowace jiha wanda ya fi ƙuri'a, ko da da ɗaya ya fi, shi ke kwashe dukan kujerun jihar a majalisar masu zaɓen shugaban ƙasa. Saboda haka duk wani saɓani sai ya koma cikin gida, a zaɓen fidda gwani da ake yi jiha bayan jiha, wata biyar ko shida. Wanda ya faɗi a can ba shi da wata jam'iyya tasa da zai yi ciniki da ita. Magoya bayansa ko dai su bi, ko su zauna gida, ko su tsallaka.

Shi kansa wannan tsari bai tsufa ba a 1980. A shekara ta 1968 yaƙin Biyetnam ya raba jam'iyyar Dimokurat gida biyu. Masu adawa da yaƙin suka bi Eugene McCarthy da Robert Kennedy, wan Edward, wanda aka harbe a Los Angeles cikin watan Yuni. Manyan jam'iyya kuwa suka taru a Shikago suka tsai da mataimakin shugaban ƙasa Hubert Humphrey, mutumin da bai shiga zaɓen fidda gwani ko ɗaya ba, alhali ƴan sanda na dukan masu zanga-zanga a waje. McCarthy bai furta goyon bayansa ga Humphrey ba sai ana saura mako guda a yi zaɓe, Richard Nixon ya ci da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Daga nan jam'iyyar ta kafa kwamiti ƙarƙashin George McGovern, daga baya Donald Fraser, ta ƙwace ikon tsai da ɗan takara daga hannun gwamnoni da shugabannin birane da na ƙungiyoyin ƙwadago ta miƙa wa talakawan jam'iyya. Zuwa 1980 jihohi fiye da 30 na yin zaɓen fidda gwani.

Carter ɗan wannan sabon tsari ne. Manomin gyaɗa ne daga ƙauyen Plains, ya yi gwamnan Jojiya sau ɗaya, kuma a 1976 ya bi ta kan manyan jam'iyya ya ci takara, yana alfaharin cewa babu wanda ke binsa bashi a Washinton. Wannan alfahari ya zame masa nauyi da ya hau mulki. Jam'iyyarsa ke da rinjaye a majalisun dokoki biyu, amma ba su taɓa zama gida ɗaya da shi ba. Shi yana ganin kuɗin gwamnati sun yi ƙaranci, a tsuke bakin aljihu. Su kuwa, musamman ƙungiyoyin ma'aikata da baƙar fata da mazauna manyan birane, suna ganin ba don tsuke aljihu suka zaɓe shi ba. Babbar gardamarsa da Kennedy ta taso ne kan asusun kiwon lafiya na ƙasa wanda zai ɗauki nauyin jinyar kowa. Kennedy na so a kafa shi gaba ɗaya, Carter na so a bi sannu-sannu gwargwadon halin tattalin arziki. A taron jam'iyya na Memphis cikin Disamban 1978, Kennedy ya yi jawabi kan wannan batu, zauren ya tashi tsaye da tafi, kowa ya gane inda aka nufa.

Tsakiyar shekarar 1979 ta zo wa Carter da masifa. Juyin juya halin Iran ya taɓa kasuwar mai, motoci suka yi dogon layi a gidajen mai, tsadar rayuwa ta haura kashi 11 cikin ɗari, a shekarar da ta biyo ta wuce 13. Ranar 15 ga Yuli ya yi wa ƴan ƙasa jawabi kan raunin zuciya da rashin yarda da kai da ya ce sun kama al'umma, kwana biyu bayan haka ya nemi dukan ministocinsa su miƙa takardar murabus, ya karɓi ta mutum biyar. Masu jin daɗin aikinsa suka ragu zuwa ƙasa da kashi 30. Binciken jin ra'ayi na nuna cewa cikin ƴan Dimokurat, duk inda mutum ɗaya ya zaɓi Carter biyu sun zaɓi Kennedy. Ƴan majalisa da ke tsoron kujerunsu suka riƙa zuga sanatan a ɓoye. Carter kuwa ya faɗa wa wasu ƴan majalisa, da kalmomin da ba su dace da wannan shafi ba, cewa in Kennedy ya fito zai lallasa shi.

Sai ranar 4 ga Nuwamba 1979, wadda abubuwa biyu suka faru cikinta. Da dare gidan telbijin na CBS ya watsa hirar da ɗan jarida Roger Mudd ya yi da Kennedy. Aka tambaye shi dalilin da ya sa yake son zama shugaban ƙasa, ya yi ta kame-kame, bai ba da amsar da za a riƙe ba. Aka kuma tono masa batun Chappaquiddick: a Yulin 1969 motar da yake tuƙi ta faɗa ruwa daga wata gada, wata matashiya mai suna Mary Jo Kopechne ta mutu a ciki, shi kuwa bai sanar da ƴan sanda ba sai washegari. Shekara goma sun wuce, amma mutane ba su manta ba. A wannan ranar ce kuma ɗalibai a Teheran suka mamaye ofishin jakadancin Amurka suka yi garkuwa da ma'aikatansa, 52 daga cikinsu za su yi kwana 444 a tsare. Da Kennedy ya shelanta takararsa a Boston ranar 7 ga wata, ƙasar da ya shirya yi wa magana ta riga ta sauya.

A nan aka fara neman biyayya, da sunan ƙasa. Farin jinin Carter ya tashi daga kusan kashi 30 zuwa kusan 60 cikin makonni, don al'adar mutane ce su rufa wa shugaba baya idan baƙo ya taɓa su. Ya ce ba zai fita yaƙin neman zaɓe ba muddin ƴan ƙasarsa na tsare, ya zauna fadar White House yana aika matarsa Rosalynn da mataimakinsa Walter Mondale. A farkon Disamba Kennedy ya soki hamɓararren sarkin Iran, ya ce mulkinsa na zalunci ne kuma ya wawure dukiyar ƙasarsa. Maganar ba ƙarya ba ce, amma aka yi masa ca, aka ce ya ba masu garkuwa makami. A ƙarshen watan sojojin Tarayyar Sobiyet suka shiga Afganistan. Carter ya janye daga muhawarar da aka shirya a jihar Iowa, ya hana sayar wa Sobiyet hatsi, daga baya ya hana ƴan wasan Amurka zuwa gasar Olimpik ta Masko. Kennedy ya ce hana sayar da hatsin manoman Amurka zai cuta, ba Sobiyet ba, Mondale ya mai da martani da kalaman da suka sa shakka kan kishin ƙasarsa. Abin mamaki, manoman Iowa, waɗanda hatsinsu ne aka hana fita, suka ba Carter kashi 59, Kennedy 31, ranar 21 ga Janairu 1980.

Ba kishin ƙasa kaɗai aka yi aiki da shi ba. Shugaba mai ci yana da taskar gwamnati a hannu, kuma mutanen Carter ba su ɓoye ba. Da shugabar birnin Shikago, Jane Byrne, ta juya masa baya ta bi Kennedy, ministan sufuri Neil Goldschmidt ya fito fili ya ce ya daina yarda da ita, kuma zai duba yadda zai hana birnin kuɗin da ke ƙarƙashin ikonsa. Sauran shugabannin birane da gwamnoni suka ji, suka gane. Ranar 18 ga Maris Carter ya ci jihar Illinois da fiye da ninki biyu, bayan an yi wa Kennedy ihu a titunan Shikago, birnin da ke cike da ƴan asalin Ailan mabiya ɗarikar Katolika irinsa.

To a nan ne labarin ya yi wani irin juyi wanda ya fi kome nuna halin mai zaɓe. Bayan Illinois kowa ya san Kennedy ba zai kai labari ba, har na kusa da shi na shirya masa jawabin janyewa. Sai ga shi ranar 25 ga Maris ya ci New York da kashi 59, ya haɗa da Connecticut. Akwai dalili na kusa: a farkon watan Amurka ta kaɗa ƙuri'a a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya tana la'antar matsugunan da Isra'ila ke ginawa a yankunan da ta mamaye, har da Birnin Ƙudus, sa'annan bayan kwana biyu Carter ya ce kuskuren isar da saƙo ne, ya ɓata wa Yahudawan New York rai, bai kuma gamsar da kowa ba. Amma akwai dalili mai zurfi. Muddin ana ganin Kennedy na iya zama shugaban ƙasa, mutane na tuna gadar Chappaquiddick su zaɓi Carter. Da aka tabbata ba zai zama ba, sai sunansa ya koma sandar dukan Carter, wadda mutum zai ɗauka ba tare da tsoron abin da zai biyo baya ba. Wato da yawa daga ƙuri'un da kowannensu ya samu na ƙin ɗayan ne. A ganinmu duk wanda ya karanta alƙaluman wannan zaɓe a matsayin ma'aunin soyayya ya karanta su a juye.

Abubuwa suka ci gaba da lalacewa. Kuɗin ruwa na bankuna ya kai kashi 20 a watan Afrilu. Da sassafen ranar zaɓen Wisconsin, 1 ga Afrilu, Carter ya fito a telbijin yana albishir cewa an samu ci gaba kan batun waɗanda ke tsare. Ya ci jihar, albishirin bai zama kome ba, ƴan jarida ba su yafe masa ba. Ranar 24 ga wata yunƙurin kuɓutar da su da ƙarfin soja ya wargaje a hamadar Iran, sojoji takwas suka mutu, ministan harkokin waje Cyrus Vance ya yi murabus. Ranar 3 ga Yuni, ranar ƙarshe, aka yi zaɓe a jihohi takwas, Kennedy ya ci biyar, har da Kalifoniya da New Jersey. A wannan ranar ce kuma Carter ya haye adadin wakilai 1,666 da ake bukata. Jimilla ya samu ƙuri'a kusan miliyon 10, Kennedy fiye da miliyon 7. Ya ci, amma yana gangarowa ya ci.

Kennedy ya ƙi janyewa. Cikin watan Yuli aka gano cewa Billy, ƙanen shugaban ƙasa, ya karɓi dala dubu 220 daga gwamnatin Libiya, jam'iyyar Rifablikan kuma ta fito daga taronta na Detroit a dunƙule bayan Ronald Reagan. Tsoro ya kama ƴan majalisar Dimokurat. Wasunsu, tare da gwamnan New York Hugh Carey da shugaban masu rinjaye a majalisar dattawa Robert Byrd, suka nemi a saki wakilai kowa ya zaɓi wanda yake ganin ya dace, ko da wani na uku ne irin su Edmund Muskie ko Henry Jackson. Biyayya ta biyu ke nan da aka nema, wannan karo da sunan doka, kuma gardamar da aka yi a kanta ta cancanci malamai su tsaya a kai, don kowane ɓangare na da gaskiyarsa. Mutanen Carter suka ce mutum fiye da miliyon 19 sun fito sun kaɗa ƙuri'a, wakili amana aka ba shi, ba shi da hurumin sayar da ita a ɗakin otel. Abin da aka yi wa gyara bayan 1968 ke nan. Mutanen Kennedy suka ce manomin da ya zaɓi Carter a Janairu, cikin zafin batun Teheran, bai san abin da Afrilu da Yuli za su kawo ba. In wakili ba zai yi aiki da hankalinsa ba, me ya sa ake tara mutane, ba a aiko da takarda kawai ba? Suka laƙaba wa ayar sunan dokar mai da mutum inji. Abin lura shi ne ɓangarorin sun yi musayar riga. Magadan waɗanda suka yi yaƙi a 1968 don a ɗaure wakili da ra'ayin talaka su ne yanzu ke neman a kwance shi, shugaba mai ci kuma shi ne mai kare haƙƙin talaka. Kowa ya riƙi aƙidar da lissafinsa ke bukata.

Mun riga mun ga yadda ƙuri'ar ta kaya. Abin da ya biyo baya shi ne abin kallo. Washegari, 12 ga Agusta, Kennedy ya yi jawabin da har yau ake lissafawa cikin mafiya kyau a tarihin tarukan jam'iyyar, zauren ya yi fiye da rabin sa'a yana tafi da ihu, har da wakilan da doka ta ɗaure wa Carter. Cikin wannan zafi aka shigar da buƙatun Kennedy a kundin manufofin jam'iyya, har da shirin samar da aikin yi na dala biliyon 12 wanda Carter bai yarda da shi ba. Wato wakilan nan sun ba mutum ɗaya takara, sun ba ɗayan manufa. A daren ƙarshe Carter ya tashi yabon marigayi Humphrey, harshensa ya zame ya kira shi da sunan wani jarumin littattafan ƙagaggun labarai na Ingila. Balan-balan da aka rataya a rufi suka ƙi saukowa. Kennedy ya iso a makare daga otel ɗinsa, ya hau dandali, ya yi musafaha da Carter, amma bai yarda sun ɗaga hannu sama tare ba, wanda shi ne alamar sulhu da kowa ke jira. Miliyoyin mutane suka ga shugaban ƙasa na bin abokin hamayyarsa a kan dandali yana neman hannunsa.

Saura biyayya ta uku, wadda aka nema da sunan tsoro. Tun watan Afrilu John Anderson, ɗan majalisa daga Illinois, ya bar takarar Rifablikan ya tsaya da ƙafarsa, kuma ɗalibai da malaman jami'a da masu sassaucin ra'ayi suka same shi mafaka. Ya ɗauki Patrick Lucey, tsohon gwamnan Wisconsin kuma jigo a yaƙin neman zaɓen Kennedy, ya zama mataimakinsa. Jam'iyyar Libaral ta New York, wadda tun kafuwarta a 1944 take bin ɗan takarar Dimokurat, ta koma bayansa. Amsar mutanen Carter ita ce duk wanda ya zaɓi Anderson Reagan ya zaɓa. Suka kai ƙara kotuna don a hana sunansa shiga takardar zaɓe a wasu jihohi, Carter kuma ya ƙi zama muhawara da shi, har aka yi ta Baltimore ranar 21 ga Satumba babu shugaban ƙasa. Bisa lissafi hujjarsu ba ta da aibi, kuma ta yi aiki, don Anderson ya yi ta raguwa har ranar zaɓe. Aibinta shi ne ba ta ce kome game da Carter ba. Dukan yaƙin ya koma nuna Reagan a matsayin mai son yaƙi wanda zai raba baƙi da fari, Bayahude da Kirista, kudu da arewa, kamar yadda Carter ya faɗa a Shikago cikin Oktoba. Hausawa na cewa da babu gara ba daɗi, amma wannan magana na cin kasuwa ne muddin mai saye ya yarda cewa ɗayan ɓangaren babu ne. Ranar 28 ga Oktoba, a muhawarar Cleveland, mutane suka ga wani dattijo mai murmushi da sanyin murya yana tambayarsu ko rayuwarsu ta fi ta shekara huɗu da suka wuce. Dodon da aka yi ta kwatanta masu bai bayyana ba, hujjar tsoro ta zube saura mako guda.

Kennedy dai ya cika sharaɗin jam'iyya, ya fita ya yi wa Carter yaƙi a jihohi da dama. Wasu kuwa suka tsallaka a fili: McCarthy na 1968 ya goyi bayan Reagan, haka Ralph Abernathy, aminin Martin Luther King, haka babbar ƙungiyar direbobin manyan motoci. Ranar zaɓe, 4 ga Nuwamba, ta faɗo daidai da cikar shekara guda da kama mutanen Teheran. Reagan ya samu kusan kashi 51, Carter 41, Anderson ƙasa kaɗan da 7. A majalisar masu zaɓe 489 da 49. Carter, wanda ya samu ƙuri'a kusan miliyon 41 a 1976, ya tashi da miliyon 35 da rabi. Kusan kashi 53 cikin ɗari na waɗanda shekarunsu suka kai ne kawai suka fito, adadin da ba a ga mai ƙarancinsa ba tun 1948. Binciken da aka yi a bakin rumfunan zaɓe ya nuna kusan ɗan Dimokurat ɗaya cikin huɗu ya zaɓi Reagan, kuma cikin waɗanda suka so Kennedy kusan ɗaya cikin uku bai zaɓi Carter ba. Massachusetts, gidan su Kennedy, ta tafi ga Reagan da tazarar da ba ta kai ƙuri'a dubu huɗu ba, Anderson ya kwashi kashi 15 a can. Jam'iyyar ta rasa kujeru 12 a majalisar dattawa, ta rasa rinjayen da take riƙe da shi tun 1955, McGovern da kansa yana cikin waɗanda ruwan ya ci. Carter ya amsa kaye tun ba a rufe rumfuna a yammacin ƙasar ba, abin da ya fusata shugaban majalisar wakilai Tip O'Neill, don ya ga hakan zai sa ƴan jam'iyya da ke kan layi su koma gida.

Wa ke da laifi? Mutanen Carter sun daɗe suna cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga, Kennedy ne ya tsaga bangon. Alƙaluma ba su goyi bayansu gaba ɗaya ba. Ko an tattara dukan ƙuri'un Anderson an ba Carter, ba zai kamo Reagan ba, kuma shugaban da ya shiga zaɓe da tsadar rayuwa ta kashi 13 da ƴan ƙasarsa a tsare ba ya bukatar wani Kennedy kafin ya faɗi. Tsagewar ta riga takarar. Mun ga tun Memphis take. Sai dai ba za a wanke sanatan tas ba. Daga 3 ga Yuni zuwa 11 ga Agusta ya san lissafi ya ƙare, ya ci gaba, ya koya wa magoya bayansa kallon ɗan takarar jam'iyyarsu a matsayin wanda ya ci da ƙarfin doka kawai. Wanda aka yi wata tara ana gaya masa mutum bai cancanta ba, musafaha ɗaya ba ta isa ta juya shi. Laifin ɓangaren Carter kuwa shi ne sun ɗauki kowace nasara a matsayin yarda. Sun ci Iowa da tuta, sun ci Illinois da taska, sun ci zaure da doka, ba su tsaya sun tambayi abin da zai fito da mutum daga gidansa ranar da babu ko ɗaya cikin waɗannan da zai bi shi cikin rumfa ba.

Jam'iyyar ta ɗauki darasi, ko da yake ba lalle ne wanda ya dace ba. Kwamitin da gwamnan North Carolina James Hunt ya jagoranta ya soke dokar ɗaure wakili a 1982, ya maye gurbinta da wata mai laushi wadda ta ce wakili ya bi ra'ayin waɗanda suka aiko shi gwargwadon abin da zuciyarsa ta yarda da shi. Ya kuma ƙirƙiro wani rukuni na manyan wakilai, ƴan majalisa da gwamnoni da shugabannin jam'iyya, waɗanda ke zuwa taro ba a ɗaure da kowa ba, kusan kashi 14 cikin ɗari na zauren a 1984. Nufin shi ne a samu dattawan da za su taka birki in talakawa suka ɗauko wanda ba zai ci ba. Waɗannan manyan wakilai su ne suka zama abin ƙorafi a takarar Barack Obama da Hillary Clinton a 2008, suka kuma zama babbar hujjar magoya bayan Bernie Sanders a 2016 cewa an shirya wasan tun kafin a fara, har a 2018 jam'iyyar ta hana su kaɗa ƙuri'a a zagayen farko muddin ƙuri'arsu za ta iya yanke hukunci.

Su kuwa mutanen biyu ba su taɓa shiryawa da gaske ba. An saki mutanen Teheran ranar 20 ga Janairu 1981, mintoci kaɗan bayan Reagan ya yi rantsuwa. Kennedy bai sake neman shugabancin ƙasa ba, ya zauna majalisar dattawa har rasuwarsa a Agustan 2009, watanni kafin a zartar da dokar kiwon lafiya ta Obama. A 2010, shekara talatin bayan taron New York, Carter ya faɗa a wata hirar telbijin cewa da tuni Amurkawa sun samu cikakken tsarin kiwon lafiya ba don Kennedy ya tare shirinsa da gangan ba. Ya rasu ranar 29 ga Disamba 2024 yana da shekara ɗari.